Tocilar da Ta Haddace Hanyar Mai Koko

"Masta, zo ka karɓi aljanarka kafin in jefa ta a rijiya!"

Muryar Mma Asiatu ce ta tsallako katangarmu bayan magariba. Na leƙa ta gurbin da bulo ya faɗi, na gan ta tsaye a tsakar gidansu, ta miƙe hannu nesa da jikinta kamar wadda ta kamo kunama. Tocila ce a hannun, tana ta walƙiya, fari, duhu, fari, duhu, har kaji sun fara kuka a akurki. Mijinta, Masta Sayibu, yana kan kujerarsa ta roba, ƙafafunsa da suka kumbura na bisa bokitin da aka kife. Dariya yake yi, tari na katse shi.

"Sau nawa kika danna?"

"Ƙirgawa na zo yi? Na danna ta ƙi, na sake dannawa."

"Sau uku ke nan. Sau uku walƙiya ce. Yanzu danna ɗaya ki riƙe, sannan..."

"Tocila ce ko asusun momo na waya, da sai an sa mata lambar sirri? Mutane suna sayen tocila a kasuwa, a danna ta kama, a danna ta mutu. Ni Allah ya haɗa ni da mai tocilar da ta yi makaranta."

Ta ajiye masa ita a cinya, ta lalubi bango ta shige ɗaki. Shi kuwa ya taɓa makunnin da babban yatsa, walƙiyar ta tsaya, hasken ya kwanta ya yi laushi. Sai ya ɗaga kai wajen katanga.

"Injiniya, na ga goshinki. Zagayo."

Kunya ta kama ni, amma na zagaya. A lokacin na dawo Salaga daga jami'a a Tamale, na karanta ilimin kwamfuta, ina zaune gida ina jiran a tura ni sabis, wato bautar ƙasa. Ba ni da yawan magana. Tun ina ƙarama, in baƙi suka shigo sai in ɓuya bayan randa. Masta ne kaɗai bai taɓa ce mini "yi magana mana" ba. Shi da kansa yana da maganar da ta ishi mutum biyu.

Gyaran rediyo ya yi shekara da shekaru a bakin kasuwar doya. Da waya ta kashe rediyo sai ya koma gida, ya faɗa wa tocila. Ba ta kasuwa ba. Shi yake haɗa abarsa: ƙwan LED daban, batir daban, da wani ɗan faifai mai faɗin kwabo da yake kira ƙwaƙwalwa, wanda ake zuba wa umarni daga kwamfuta, ya san yadda zai yi in an danna ɗaya, in an danna biyu, in an riƙe. Suna da ƙungiya a waya, tsofaffi da samari daga Yendi zuwa Bawku har Kumasi, ba abin da suke turawa sai hoton haske a jikin bango. Muna yara, daren sallah yakan kai mu filin ƙwallo ya harba haske kan rimi, jemagu su tashi, mu yi ta ihu. Har yau in na ji ƙamshin dalma tana narkewa, wannan filin nake gani.

"Zauna," ya ce, ya nuna mini turmi. Ya rage murya. "Sadiƙ ya kira daga Bawku."

Sadiƙ autansu ne, shi kaɗai ya rage musu namiji, yana fataucin albasa da tumaki a can.

"Ya gina wa uwarsa ɗaki. Har da silin. Bai ce 'in ka mutu' ba, yaro mai ladabi ne, amma ni na ji. Likita ya gaya masa abin da ya gaya mini a kan zuciyar nan."

"Allah ya ba ka lafiya, Baba."

"Amin. Amma ji nan. Matar nan a Salaga aka binne cibiyarta. Teburin kokonta ya girme ki. In aka kai ta Bawku aka zaunar da ita ƙarƙashin silin, ba ƙawa, ba mai cewa 'Mma ƙara sikari', wata nawa za ta yi? Shi kuma yaron yana da gaskiya. Idonta ya tafi. Dundumi ga shi, yanar ido ga ta. Da rana tana gani, amma kafin asuba take fita. Bara ta faɗa gota, kwatar nan ta bakin hanya, ranar da na kwana asibiti. Ya ce ba zai bar ta tana bin lungu ita kaɗai ba."

"To a ba ta tocila mai sauƙi mana."

Ya dube ni, ya yi murmushi. "Gobe ki roƙi Mmanki ta bar ki ki bi mu. Kar ki kalli hanya. Yatsana za ki kalla."

Washegari, da kiran farko, na bi su. Mma Asiatu na gaba da roba cike da ƙullu a ka, Masta na gefenta, baya kaɗan, da tocila. Daga gidansu zuwa gindin dogon yaron da take kafa tebur, kusa da tashar motocin Tamale, ba nisa. Amma na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon zamanmu na maƙwabta. Yatsansa bai huta ba. A zaure ya buɗe hasken sosai saboda dakalin da ke bakin ƙofa. A lungu ya rage. Da suka iso jikin masallacin unguwa, wanda aka shafe da farin fenti, sai ya sauke shi ƙasa ƙwarai, kamar na aci-balbal. Suna wuce bangon ya ɗaga shi a hankali, har ya kai ƙarshe daidai kan katakon da aka gitta a gota. Bayan tsohuwar rijiya ya sake saukewa.

Ita ba ta ko waiwaya ba. Tana tafe tana ba shi labarin tsadar gero.

"Kin gani?" ya ce da ni a hanyar komawa, yana numfashi da ƙyar. "In haske ya yi yawa ya bugi farin bango, yanar idonta sai ta zama hazo, ba ta ganin komai. In ya yi kaɗan a gota, ta faɗa. Babu haske ɗaya da zai kai ta. Kuma kin ji da kunnenki, ba za ta koyi dannawa ba. Hannu ɗaya ma na riƙe da roba. Na yi ta tunani har kaina ya yi zafi."

Kwana biyu abin na cina. A na uku na shiga gidansu da laftof ɗina, na tsaya a bakin rumfarsa, na yi wa ƙasa magana.

"Baba, in ƙwaƙwalwar ta haddace fa?"

"Ta haddace me?"

"Yatsanka. Ka bi hanyar sau ɗaya kana yi yadda ka saba, ita tana ajiye duk abin da ka yi da lokacin da ka yi shi. Daga nan, in Mma ta danna a bakin zaure, sai ta maimaita da kanta."

Ya dubi babban yatsansa. Sannan ya buga cinyarsa.

"La ilaha illallahu! Mai koko! Fito ki ga yarinyar da kike cewa kurma ce!"

"Ni ban ce kurma ba ce," Mma ta amsa daga madafa. "Cewa na yi kai ne ba ka barin kowa ya yi magana."

Aikin ya ɗauke mu makonni. Ni na rubuta umarnin, shi ya zaɓi kayan. Ya ƙi farin ƙwai, ya ce yana sukar idonta, ya tono wani mai ruwan ɗorawa daga gwangwanin madara, wanda haskensa ya yi kama da na fitilar ƙwai ta da. Hannunsa ya fara rawa, don haka ni nake riƙe ƙarfen narka dalma, shi yana riƙe gilashin ƙara girma, kanmu a haɗe. Na ƙona faifai ɗaya, shi ma ya juya batir ya ƙona ɗaya, muka yi canjaras. In numfashi ya ƙwace masa sai mu tsaya, in yi masa fifita da kwali.

Jikin tocilar kuwa daga Yendi ya zo. Amininsa Alhaji Kassim, Badagombe mai injin sassaƙa ƙarfe, shi ya kawo da kansa a motar safe, a naɗe cikin tsohuwar safa. Dogo ne, mai dariya da dukan jiki.

"Sayibu, an ce ka tuba," ya faɗa tun daga zaure. "An ce kana haɗa tocila mai dannawa ɗaya. Na ce ƙarya ne, sai na gani da idona. Mutumin da tocilarsa take da walƙiya, da kyandir, da kiran agaji, saura kawai ta yi kiran salla!"

"Kai dai kawo bututunka, maƙerin banza. Ka sa zaren daidai wannan karon, ko sai na sa ƙafa na murɗa?"

"Ƙafar da ta zama doya?"

Suka yi dariya, amma na ga idon Alhaji Kassim ya tsaya kan ƙafafun, dariyarsa ta gajarce. Ya kwance safar. Ya yi wa bututun ƙyalli, ya yi masa gurzau-gurzau a tsakiya don kada ya suɓuce wa hannu mai ƙullu, makunnin kuma babba ne kamar maɓallin kwat. Ya huda gindinsa ya zura igiya.

"Don ya rataya a wuya," ya ce, yana nufin Mma. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. "In ya yar da shi a gota, ni ba zan sake yi ba."

"Wa zai yar?" Mma ta fito da kwanon tuwo ta dire a gabansa. "Ci ka koma garinku, kai ne kake ɗaure masa gindi yana ɓata kuɗin cefane a wayoyi."

"Mma, ni da na kawo maka kyauta?"

"Kyautar da sai an karanta littafi kafin a kunna."

Ba wanda ya gaya mata dalilin da ya sa ake haɗa ta. Masta ya hana. Ya ce in ta ji don idonta ne, za ta ce idonta lafiya lau.

Ranar da muka shirya ɗaukar tafiyar a ƙwaƙwalwar, bai kwana da daɗi ba. Na same shi a zaure ya jingina da bango, leɓɓansa sun yi duhu. Na ce a bari sai wani lokaci. Ya girgiza kai.

"Gwaji ne kawai. In na ji sauƙi mu sake mai kyau."

Na saita tocilar, ya karɓa, ya danna daidai lokacin da Mma ta ɗaga ƙafa ta tsallake dakali. Muka kama hanya. Yatsansa bai manta komai ba, amma ƙafafun sun gaza. A tsakiyar lungu ya tsaya ya dafa bango. A jikin masallaci, inda hasken ya fi ƙanƙanta, ya tsaya ya daɗe, kansa a sunkuye, ina jin ƙirjinsa yana kuka kamar tsohon zuga-zugi. Mma ta tsaya da robarta a ka har ya ɗago. Suka tsallake gota. A bakin rijiya ma ya zauna kaɗan. Da muka isa gindin dogon yaro ya zube kan benci, ni kuwa na ruga tasha neman mota kin, babur ɗin nan mai ƙafa uku, da za ta mayar da shi gida. Da na dawo tocilar na aljihunsa a kashe.

Bai sake bin hanyar ba. Sati biyun da suka biyo baya Mma ba ta fita da koko ba, tana gefensa. Ya koma kwana a zaune, don in ya kwanta ruwa yana taso masa. 'Yan ƙungiyarsu suna ta turo gaisuwa, wani yaro daga Bawku ya turo hoton haske a jikin tsauni ya rubuta "don Masta". Ya sa na ƙara girman hoton, ya duba, ya ce, "Gilashinsa ya karkace. Gaya masa."

Wata Alhamis bayan azahar ya ce in miƙo masa tocilar, ya kira matarsa.

"Mai koko, karɓi. Taki ce."

"Me zan yi da ita?"

"In za ki fita, ki tsaya a bakin zaure, ki danna ɗaya. Shi ke nan. Kar ki sake taɓa ta. Ta san hanya."

Ta juya ta a hannu, ta shafa gurzau-gurzan. "Kai kuma ina za ka, da za ka haɗa ni da ƙarfe?"

"Ina nan. Hutu na ɗauka."

Ta dube shi. Sannan ta ɗaure tocilar a gefen zaninta, ta ce, "Me za ka ci?"

"Koko."

"Da rana tsaka?"

"Shekara nawa ina raka koko, ban taɓa shan na rana ba."

Ta tashi ta hura wuta. Ina zaune ina yi masa fifita, yana kallon akuyar da ta hau kan buhun gawayi. Ya ce in kore ta, na kore ta. Ya tambaye ni ko takardar sabis ta fito, na ce tukuna. Ya ce in an tura ni kudu kada in yarda in ci fufu da miyar da ban ga naman cikinta ba. Mma ta kawo kokon a ƙaramin kofi, ta riƙe masa, ya kurɓa kaɗan.

"Citta ta yi yawa," ya ce.

"Bakinka ne."

Ya jingina kai da bango, ya fara kalmar shahada a hankali, ta kama masa. Ladan na gyara lasifika don la'asar, ana jin ƙarar hurawarsa. Kafin ya gama kira, fifitar da nake yi ta zama ba ta da amfani. Mma ta ajiye kofin a ƙasa, ta shafe masa ido da tafin hannunta, ta ce, "Mudassira, je ki kira mini Mmanki."

An kai shi kafin magariba. Alhaji Kassim ya iso da daddare a bayan babur, ya zauna a rumfar, ya ɗauki gwangwanayen ƙwai ɗaya bayan ɗaya yana buɗewa yana rufewa. Sadiƙ sai washegari ya iso, hanyar Bawku ba kusa ba. Bayan addu'ar bakwai na ji shi ta katanga yana yi wa uwarsa magana a hankali.

"Mma, ki yi takabarki a ɗakinki, ba zan taɓa ki ba. Amma in kin fita zan zo da mota. Ba zan iya kwana a can ina tunanin gota ba."

"Auta, wa ya ce maka ba na gani?"

"Tabon ƙafarki ne ya ce."

Watannin takaba suka wuce. An tura ni sabis a wata makaranta a nan cikin gari, don haka ban yi nisa ba. Duk Juma'a nakan karɓi tocilar in yi mata caji. Wata rana na jona ta da laftof, na ga tafiyar a zane: layi yana hawa, yana sauka, sai kuma wurare da ya miƙe shimfiɗe ba motsi. Mafi tsawo a kan hanya shi ne na jikin masallaci. Na rufe laftof ɗin. Gwajin da ya ce za a sake, shi ne kaɗai muke da shi. Mai lafiya in ya bi hanyar da saurinsa zai isa gota tun hasken bai tashi ba.

Daren da Sadiƙ ya dawo, da buhunan zuba kaya a ƙarƙashin hammata, na sami Mma a madafa tana tace ƙullu. Ta riga ta gaya masa gobe za ta fita, ya biyo ta ya gani da idonsa, in ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ta yarda ta bi shi.

"Mma," na ce, "akwai gyara a tocilar. Ranar da Baba ya ɗauka ba shi da lafiya, ya yi ta tsayawa. Zan iya yanke wuraren, ta yi daidai da tafiyarki. Yanzu zan yi, ba zai daɗe ba."

Ba ta ɗago ba. "Ki yanke ki kai ina?"

"A goge kawai."

"Bar ta yadda ya bar ta."

"Amma in kika riga hasken isa gota..."

"Na ce ki bar ta, 'yar nan. Miƙo mini matacin can."

Da kiran farko muka hallara a zaure. An yi ruwa da dare, ƙasa ta yi santsi. Mma ta ɗora roba a ka, tocilar na rataye a wuyanta, ta kama ta da hannun dama. Sadiƙ yana baya da wayarsa a hannu, a shirye ya kunna fitilarta. Ni ina bayansa.

Ta yi bisimilla, ta danna.

Hasken ruwan ɗorawa ya cika zauren, ya kwanta kan dakali. Ta tsallake. A lungu ya ragu da kansa, na ji Sadiƙ ya ja numfashi. Da ta kai tsakiyar lungu ta rage sauri, ta ɗan tsaya, ta gyara zaman robar, ta ci gaba. Muka iso farin bango, hasken ya sauka har ya zama ɗan digo a gaban ƙafafunta. Ta yi taku kaɗan, ta tsaya cak.

Kwaɗi na kuka a gota, can gaba. Hasken bai motsa ba, ita ma ba ta motsa ba.

"Shi ke nan," Sadiƙ ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Batir ya mutu, ta rasa hanya." Ya ɗaga waya zai kunna.

Ban san lokacin da na riƙe hannun rigarsa ba. Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba.

"Yaya Sadiƙ, kar ka kunna. In farin haske ya bugi bangon nan ba za ta ga komai ba. Batir bai mutu ba. Nan Baba ya tsaya ya huta. Tocilar tafiyarsa take yi."

Ya juyo ya dube ni, ya dubi uwarsa. Ita kuwa ta yi magana ba tare da ta waiwayo ba.

"Auta, ka cika gaggawa, kamar ba ɗansa ba. Nan muke tsayawa. Ba ranar nan kaɗai ba. Tun shekarar da ya daina hawa keke numfashinsa yake yankewa a nan. Sai in ce robata ta karkace, ko in tsaya gaida liman, don kada ya ji kunya. Shi yana can yana gaya wa Kassim wai saboda idona muke tafiya a hankali." Ta yi 'yar dariya ta hanci. "Idona ya lalace, ban musa ba. Amma ƙafata lafiyarta ƙalau. Da ni kaɗai ce, da tuni na dama koko."

Sadiƙ ya sauke wayar. Muka tsaya mu uku a jikin bango. Wani mai zuwa masallaci ya wuce da butarsa, ya yi sallama, muka amsa. Tsayuwar ta yi tsawo fiye da yadda na tuna. Sannan digon hasken ya fara faɗi, a hankali, kamar ana buɗe ƙofa.

"Yauwa," Mma ta ce. "Mu je."

Ta taka, hasken na ƙaruwa, ya cika daidai kan katakon gota, har ana ganin ƙusoshinsa da ruwan da ya kwanta a tsaga. Ta haye ba ta ko dafa komai ba. A bakin rijiya ta sake jira. Daga nan har gindin dogon yaro ba ta tsaya ba.

Ta sauke roba, ta cire igiyar daga wuya, ta ajiye tocilar a kan benci tana fuskantar murhu. Itacen ya sha ruwa, ta yi ta fama da ashana da ɓawon rake. Wani direban motar Tamale ya hango ta daga tasha ya ɗaga murya.

"Mma Asiatu! Kin dawo? Wallahi cikinmu ya yi maraici!"

"Ka kawo kofinka, ka bar surutu."

Sadiƙ ya zauna a ƙarshen bencin, ya sa fuska cikin tafin hannu, ya daɗe haka. Da ya ɗago sai ya ce da ni, "Batirin nan, ina ake samun irinsa?"

"Alhaji Kassim yana da su a Yendi."

"Zan biya ta wajensa in karɓo biyu. Ke za ki riƙa yi mata caji?"

"Zan yi."

"In kin koma gida ki ce wa mai mota kin ya fasa zuwa. Ba kayan da za a ɗauka." Ya share hanci. "Mma, a sa mini ƙosai."

"Ka ga na soya ne?"

Wutar ta kama, hayaƙi ya bi ta cikin ganyen dogon yaro. Gabas ta fara fari. Wannan ɓangaren ban taɓa ganinsa ba, don a ranar ina tasha ina neman mota. Ashe daga kan benci Masta ya ci gaba da haska mata murhu. Tocilar ba ta mutu ba. Ta ci gaba da haska murhun, ruwa ya yi zafi, Mma ta zuba ƙullu tana juyawa, mutane suka fara taruwa da kofuna. Gari ya waye har ba a ganin hasken sai in an dubi gilashin. Wata mai jiran koko ta ce, "Mma, an bar tocila a kunne," ta miƙa hannu.

"Ƙyale ta," in ji Mma, idonta na kan tukunya.

Ina kallon gilashin. Sai can ya fara dusashewa, kaɗan-kaɗan, daga ruwan ɗorawa zuwa ja kamar garwashi, ya ɗan tsaya a haka, sannan ya ɗauke. Mma ta ƙwanƙwasa ludayi a bakin tukunya, ta karɓi kofin farko.